Mutumin Da Ya Ajiye Albashi Ya Rataya Kyamara

Masu karatu, idan magidanci ya ce zai bar aikin ofis mai albashi ya koma ɗaukar hoto, abin da dangi za su fara tambaya shi ne, "To, me iyali za su ci?" Irin wannan tambaya ce ta tsaya a gaban Sebastião Salgado, mutumin ƙasar Brazil, a shekarar 1973.

An haife shi a garin Aimorés a 1944. Ya yi karatun tattalin arziki mai zurfi, sa'an nan shi da matarsa Lélia suka bar ƙasarsu a 1969 saboda mulkin soja, suka sauka a Paris. A 1971 ya sami aiki a Landan, a Ƙungiyar Kofi ta Duniya, wadda takan aike shi ƙasashen Afirka irin su Ruwanda. Kyamarar da ya fara riƙewa ma ta matarsa ce, wadda ta saya domin karatunta na zanen gine-gine. Sannu a hankali ya lura hotunan da yake komowa da su sun fi faranta masa rai a kan rahotannin da yake rubutawa.

A 1973, yana ɗan shekara 29, ya ajiye aikin ya zama mai hoto mai zaman kansa. Wato ba wanda zai biya shi a ƙarshen wata: shi zai sayi fim, shi zai biya kuɗin tafiya, kuma sai jarida ko wata ƙungiya ta sayi hoton kafin ya ga ko kwabo. A wannan shekara ya zo Nijar, lokacin babban farin nan da dattawanmu ba su manta ba, matarsa kuwa tana da juna biyu. A 1979 ya shiga Magnum, shahararriyar ƙungiyar masu hoto. Ya sake komowa yankin Sahel a 1984 da 1985, ya ɗauki hotunan yunwa a Mali, Chadi, Habasha da Sudan.

Amma fa bai zubar da iliminsa na dā ba. Da ya je mahaƙar zinariya ta Serra Pelada a 1986, inda dubban mutane ke hawan tsani da buhunan ƙasa a baya, da idon masanin tattalin arziki ya dube su: wa ke yin wahala, wa ke cin riba. Littafinsa a kan ma'aikatan duniya ya fito a 1993. Ya rasu a Paris ranar 23 ga Mayu, 2025, yana da shekara 81.

Saboda haka, malamin makaranta ko akawu da ke shawarar rataya kyamara, ya fara shawara da matarsa, ya yi tanadin watannin da ba ciniki. Sa'an nan ya ɗauki hoton abin da ya riga ya sani, gama shekarun da ya yi a tsohon aiki su ne jarinsa na farko.