Araha ba ta ado: abinci a cikin jirgin sama ya koma na sayarwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga tashar Matameye zuwa Kano ya san cewa yunwa ba ta kama matafiyi a wannan hanya, sai dai in aljihunsa ne ya bushe. Tun kafin mota ta cika mai rake ya leƙo ta taga, mai ƙosai na biye da shi, a Ɗan Barto ga mai tsire, in an tsallaka Kwangwalam aka shiga Daura ko Kazaure ga masu fura da masu dafaffen ƙwai. Ka taya, in bai yi maka ba ka juya wurin na gaba. To jama'a, a cikin jirgin sama ma yanzu akwai kasuwar abinci, amma mai sayarwa ɗaya ne tak, ba a tayi, ba a neman ragi, kuma babu ƙofar da za ka fita ka nemi wani.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami gwaggona, wadda ta daɗe tana sarin atamfa da turare. Bayan ta gama Umra sai aka yankar mata tikiti mai sauƙin kuɗi a wani jirgi na kamar awa uku zuwa garin da za ta sari kaya. Da yake a babban jirgin da ya ɗauke su daga Kano an ba su shinkafa da nama da shayi ba tare da an karɓi ko dala ba, ta ɗauka haka abin yake a ko'ina. Kunun gyadar da ta zuba a gora kuwa tun a wurin bincike aka karɓe shi. Da ma'aikaciyar jirgi ta turo keken abinci, gwaggo ta miƙa hannu, sai aka nuna mata takardar farashi. Ta ciro kuɗi daga lalita, aka ce sai da katin banki, ita kuma ba ta da shi. Ga ta da ciwon sukari, ta sha magani tun asuba, jiki ya fara rawa. Wata baiwar Allah da ke kujerar kusa da ita ce ta ba ta dabino da biskit. Da ta dawo gida ta ce mini: “Ɗana, ka faɗa wa mutane a rediyonku, kada wata ta sha abin da na sha.”

Yadda aka faro

Manyanmu da suka yi zamani da kamfanin Air Afrique, wanda ƙasashen Afirka har da Nijar suka kafa a 1961 ya kuma rushe a 2002, sun saba cewa kuɗin tikiti ya haɗa da abinci da kaya da komai. Canjin daga Amurka ya taso. Kamfanin Southwest da ya fara tashi a 1971 ya rage kuɗin kujera, abin da yake miƙa wa fasinja bai wuce ɗan ƙullin gyada da abin sha ba, ita ma gyadar ya daina raba ta a 2018 saboda masu rashin lafiyar da gyada ke tayarwa. A shekarun 1990 kamfanonin Ryanair da easyJet suka kai wannan tsari Turai, daga baya suka ƙara gaba: kujera kawai ka saya, abinci da shayi da jakar kaya kowanne da kuɗinsa.

Da manyan kamfanoni suka ga masu araha na kwashe musu fasinja, su ma sai suka bi sahu. A watan Janairun 2017 British Airways na Ingila ya daina ba da abinci kyauta ga masu ƙaramar kujera a gajerun tafiye-tafiye, ya koma sayarwa, kuma ba ya karɓar tsabar kuɗi. Lufthansa na Jamus ya yi haka a 2021, ya bar wa fasinja kwalbar ruwa kyauta. A yankin da ƴan kasuwarmu suka fi zuwa ma akwai masu irin wannan tsari, kamar Air Arabia da ya fara aiki daga Sharja a 2003, da flyadeal na Saudiya da ya fara a 2017, da Pegasus na Turkiya.

A nan kusa da mu abin bai kai haka ba tukuna. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Legas, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, yawanci akan miƙa masa ɗan kek ko biskit da ruwa. Amma wannan taɓa baki ne kawai, kuma ba alkawari ba ne: a 2020, lokacin cutar korona, hukumomin Najeriya sun dakatar da raba abinci a jiragen cikin gida, sai a 2021 aka ɗage. Ga kuma jinkirin tashi, wanda kan sa tafiyar awa biyu ta cinye yini guda a ɗakin jira, inda kwalbar ruwa ma ta fi ta cikin gari tsada.

Lissafin ɗan kasuwa

Ku da kuke kasuwa ba sai an yi muku dogon bayani ba. Mai shago yakan karya farashin sukari don ya jawo mai saye, ya san zai fanshe a madara da ganyen shayi. Haka kamfanin jirgi ke yi: ya sa tikiti a ƙasa don ya fito a sahun farko idan ana duba farashi a intanet, sannan ya karɓi sauran a kaya, da zaɓen kujera, da abinci. Ban da haka, kowane kilo da jirgi ya ɗauka mai yake sha, abincin da ba a ci ba kuma zubarwa ake yi, shi ya sa ba sa lodin da zai ishi kowa. Wanda ke kujerun baya sau da yawa kafin keke ya iso gare shi abin da yake so ya ƙare.

Don haka idan mai yankan tikiti ya ce miki Hajiya ga mai araha, ki tambaye shi abu uku: akwai abinci a ciki, kilo nawa na kaya aka yarda, kuma da me ake biya a cikin jirgin. Wani lokaci in aka haɗa kuɗin jaka da na abinci, mai arahar ya kamo mai tsadar. Kamfanoni da dama suna bari a yi odar abinci tun lokacin sayen tikiti, wannan ya fi tabbas ga mai ciwon sukari ko gyambon ciki.

Guzurin da ke wucewa da wanda ba ya wucewa

Maganin abin dai shi ne wanda kakanninmu fatake suka sani tun suna bin ayari, wato guzuri. Sai dai guzurin jirgi yana da ƙa'ida. Tun 2006, bayan da aka bankaɗo wani shirin tarwatsa jirage da sinadari mai ruwa a Ingila, aka hana shiga da duk wani abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, wato bai kai rabin ƙaramar kwalbar lemo ba. Wasu filaye a Turai da suka sa sabbin na'urorin bincike sun sassauta, amma a yawancin wurare dokar na nan. Ke nan damammiyar fura, da kunu, da nono, da zoɓo, da miya, duk a bakin ƙofa za su tsaya. Abincin jariri da magani ne ake ɗaga wa ƙafa, shi ma sai an nuna. Gora marar komai tana wucewa, sai a cika ta da ruwa bayan bincike, kuma ya kamata a yi hakan domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kamar ta tsakiyar hunturu, tana sa ƙishi.

Busasshen abu shi ne abokin tafiya: dabino, aya, ƙuli-ƙuli, dakuwa, alkaki, gurasa, kilishi, dambun nama da cuku. Ba su da nauyi, ba sa lalacewa, kuma suna riƙe ciki. A guji mai ƙarfin wari kamar dafaffen ƙwai da daddawa, domin wuri ne rufaffe kuma akwai haƙƙin maƙwabci. Idan ma'aikatan jirgi suka sanar cewa akwai wanda gyada ke yi wa illa, a bar gyada da ƙuli-ƙuli a jaka, don abin na iya kai wa ga rasa rai.

Sai kuma maganar sauka. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, saboda haka kilishi da cuku a cinye su kafin jirgi ya sauka, in ba haka ba ƴan duwan su karɓe, wataƙila har da tara. Masu zuwa Saudiya kuma kowace shekara hukumomin alhazai na jan kunnensu a kan goro, kada ƙwaya biyar ta ja wa mutum tsarewa a ƙasar mutane.

Gwaggona dai ta koyi darasi. Yanzu duk tafiyar da za ta yi, ko ta Yamai ce daga Damagaram, akwai ƙullin dabino da dakuwa a jakarta ta hannu kusa da fasfo da magani, ta kuma buɗe asusu ta karɓi katin banki. Ku ma kafin ku bar gida, ku ci ku ƙoshi, ku ɗaura guzurinku, ku yi wa mai tikiti tambayoyin nan uku. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi da riba.