Ƙara wa Kwamfuta Gudu: Riba Ce ko Hasara?

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani faffaɗan allo mai ɗauke da dubban siraran hanyoyin lantarki, wanda ake kira uwar allo. A kansa ake dasa ƙwaƙwalwar na'urar, wato furosesa, kuma shi ke tace wutar da take sha. Ita ƙwaƙwalwar tana aiki ne da bugu, tamkar zuciya. Pentium ta farko, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1993, tana bugu sau miliyan 60 ko 66 a daƙiƙa, alhali na yanzu suna haura biliyan 5.

Masu sha'awar wasannin kwamfuta kan shiga saitin uwar allo su tilasta wa ƙwaƙwalwar bugun da ya zarce wanda aka ƙayyade mata. A 1998 da yawa sun ɗaga Celeron 300A daga miliyan 300 zuwa 450, suka sami aikin mai tsada da kuɗin mai araha.

Sai dai kowane bugu yana haifar da zafi. Idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 don ya ɗauki gudun, zafin zai ƙaru da kimanin kashi 33. Jikin ɗan Adam yana tsare kansa a digiri 37 ta hanyar gumi, ita kuwa kwamfuta fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi kaɗai ta dogara da su. Da zarar ƙwaƙwalwar ta kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, ribar da aka nema ta bi iska.

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa lamarin ya fi tsanani. Zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, don haka iskar da fanka ke jawowa tana da zafi tun daga waje. Ƙurar hunturu kan toshe kafofin iska, wutar janareta kuma tana hawa tana sauka. Manomin da ke kai taki gona ya san jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima a tsakar rana ba ya kai yamma.

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, makarantun karkara sun shiga neman na'urorin koyarwa. Abin da ya kamata malami ya duba a uwar allo shi ne ingancin sashen da ke tace wuta da yadda yake jure zafi. Rarar kuɗin da za a zuba a allon wasanni gara a sayi sitabilaiza da ita, a kuma riƙa kakkaɓe ƙura a kai a kai. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.