Tiyatar Jijiyar Gwiwa ga 'Yan Wasan da Ba Su Gama Girma Ba

Gwiwar ɗan Adam tana da manyan jijiyoyi huɗu da ke ɗaure ƙashin cinya da ƙasusuwan ƙwauri, biyu a gefe da gefe, biyu kuma a tsakiyar gaɓar inda suka gitta juna. Ta gaba daga cikin masu gittawar, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ce kuma ke riƙe gwiwa idan ɗan wasa ya murɗa jikinsa alhali ƙafarsa na kafe a ƙasa. Galibi tana tsinkewa ne ba tare da an yi karo da kowa ba, wajen dira daga tsalle ko tsayawa kwatsam ko sauya hanya ana cikin gudu, inda mai raunin kan ji ƙara a gwiwarsa, ta kumbura cikin 'yan sa'o'i, daga baya kuma ta riƙa zillewa. Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa da kanta ba, shi ya sa tiyatar da aka saba yi ita ce maye gurbinta da wata jijiya da aka ciro daga jikin majiyyacin.

Abin da ya bambanta yaro da babba a wannan aiki shi ne guringuntsin girma, wato wani siririn layi mai taushi kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, wanda daga gare shi ne ƙashi ke ƙara tsawo. Biyu mafiya muhimmanci a ƙafa suna dab da gwiwa: na ƙasan ƙashin cinya, wanda ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon wannan ƙashi, yana ƙara kimanin santimita ɗaya a shekara, sai na saman ƙashin ƙwauri da ke ƙara kimanin milimita 6. Sukan rufe ne wajen shekara 14 ga 'yan mata da 16 ga samari. A tiyatar manya ana huda rami a ƙasusuwan biyu don zura sabuwar jijiya, ramukan kuwa suna ratsa daidai inda guringuntsin yake, saboda haka idan aka bi wannan hanya ga yaro ba tare da lura ba, ƙafar na iya gajarcewa ko ta karkace.

Matakin farko shi ne gane ainihin raunin. A unguwanni da dama na ƙasar Hausa, kumburin gwiwa bayan ƙwallo targaɗe ake ɗaukarsa, a kai yaro wurin mai ɗori, kuma da yake kumburi yakan sauka da kansa, sai a zaci an warke. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, amfaninsa shi ne gano ko ɗan ƙashin da jijiyar ke manne da shi ne ya ɓalle, abin da ya fi faruwa ga 'yan shekara 8 zuwa 14. Likitan ƙashi, irin waɗanda ake samu a asibitocin ƙashi na Dala a Kano da Igbobi a Legas da kuma Enugu, yana gwada sakin gwiwar da hannunsa, sannan ya nemi hoton MRI da ke nuna jijiya da guringuntsi. Ana kuma ɗaukar hoton hannun hagu don ƙiyasta shekarun ƙashi, domin yara biyu sa'annin juna na iya bambanta ƙwarai a girman da ya rage musu.

A da likitoci sukan ba da shawarar a jira har yaro ya gama girma, amma an lura cewa gwiwar da ke ta zillewa tana yaga matashin gwiwa, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu yana rage musu gogayya, lalacewarsa kuma tana jawo ciwon gaɓa tun da ƙuruciya. Matsayar da ƙwararru suka fitar a 2018 ƙarƙashin Kwamitin Olamfik na Duniya ta amince da hanyoyi biyu: gashi da motsa jiki mai inganci kaɗai, ko a haɗa shi da tiyata. Ana zaɓar tiyata idan akwai wani rauni a gaɓar da ke buƙatar gyara, ko gwiwar ta ci gaba da zillewa bayan an kammala gashi, ko raunin ya tauye wa yaron harkokinsa fiye da kima.

Salon tiyatar ya danganta da girman da ya rage. Ga ƙananan yara akwai hanyar Lyle Micheli da Mininder Kocher na asibitin yara na Boston a Amurka, wadda suka wallafa sakamakonta a 2005, inda ake yanko zirin jijiya daga gefen cinya, a kewayo da shi ta cikin gwiwa a ɗinke ba tare da an huda rami ba. Akwai kuma hanyar da Allen Anderson ya bayyana a 2003, wadda ramukanta ke tsayawa a ƙarshen ƙashi ba su taɓa guringuntsin ba. Ga waɗanda suka kusa gama girma ana iya ratsa guringuntsin, muddin ramin ƙarami ne kuma a miƙe, aka cika shi da jijiya zalla, ba a bar ƙusa ko guntun ƙashi sun gitta layin ba. Jijiyar da aka ciro daga majiyyacin kansa, daga bayan cinya ko gabanta, ta fi wadda aka samo daga jikin wani ƙarko ga matasa.

Tiyata aikin yini ɗaya ce, farfaɗowa kuwa aikin shekara ne. Makonnin farko na sauke kumburi ne da miƙe gwiwa sarai da tayar da tsokar gaban cinya, sannan a shiga ƙarfafa tsoka da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya, daga nan gudu da tsalle da dira daidai, a ƙarshe atisayen wasan kansa. Haɗarin da ke ɓoye shi ne ciwo yana gushewa tun kafin sabuwar jijiyar ta yi ƙwari, domin sai jini ya ratsa ta, ta sake tsari a hankali, abin da ke ɗaukar fiye da shekara. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 23 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa sun sake tsinka jijiyar, ko a gwiwar da aka gyara ko a ɗayar. Saboda haka matsayar 2018 ta ba da shawarar kada yaro ya koma wasa mai murɗa gwiwa kafin wata 12, kuma sai ƙarfin ƙafar da tsallenta sun kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Ana kuma bibiyar tsawon ƙafafun da miƙewarsu har ya gama girma.

Inda tsadar tiyata da ƙarancin likitocin gashi suka yi yawa, rigakafi ne ya fi kusa da hannun kowa. Shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda ke ɗaukar kimanin minti 20 kuma ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, an gwada shi a gasar matasa ta Legas, sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raguwar raunuka da kashi 41 cikin 100. 'Yan mata sun fi buƙatarsa, domin bayan balaga sun fi samari tsinka wannan jijiya. Yaro ba zai iya auna haɗarin da ke gabansa ba sa'ad da gasa ko gwajin shiga wata ƙungiya ya ƙarato, don haka nauyin hana shi komawa fili da wuri yana wuyan iyaye da masu horarwa. Sauri kan haifi nawa, kuma kakar wasa ɗaya da aka haƙura da ita ta fi sauƙi a kan tiyata ta biyu a gwiwar da ba ta gama girma ba.