Yadda Ganye Ya Kan Aika Wa Dawa Saƙo

Mun sha yi muku magana a kan abinci mai gina jiki, watau wake da gyaɗa da nono da nama. Abin da ke cikinsu mai gina jikin nan, masana suna kiransa furotin. Yau za mu duba wani aikin da furotin ya ke yi a jikin tsiro tun yana gona, gama abin da ya sami gona shi ke zuwa ɗakin magani a jikin yara bayan wata shida.

Ku manoma kun san wannan. In mutum ya shuka dawa da ruwan fari, maƙwabcinsa kuwa ya makara da wata guda, sai ka ga dawar duka biyu ta fid da kai kusan lokaci ɗaya, dab da ɗaukewar ruwa. Ta mai makara gajera ce, zangarniyarta ƙarama, amma ba ta jira ba. Maiwa ma haka ta ke. To, wa ya gaya musu lokaci ya yi?

In an yanki ganye siriri aka sa a madubin likita, irin wanda mu ke duba jini da shi, za a ga an gina shi da 'yan ɗakuna birjik kamar saƙar zuma, kowane ɗaki da bangonsa mai tauri. Tsiro ba shi da jini mai zagayawa kamar namu. Amma a 1879 wani masani mutumin Austiriya, Eduwad Tangil, ya ga akwai 'yan ƙofofi a bangon nan, masu haɗa ɗaki da ɗaki. Sunansu filasmodesmata. Kada sunan ya dame ku, ƙofa ce kawai irin ta tsakanin gidan wa da na ƙane. Ta nan ruwan zaƙi ke wucewa, ta nan kuma waɗansu furotin ke bi su kai umurni ɗakin gaba. Tsiro ya kan tsuke ƙofar ko ya buɗe ta yadda ya ga bukata.

Ganye shi ne mai auna tsawon dare. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta kusan awa ɗaya da rabi ne kurum, mu ba mu cika lura ba, amma dawa tana lura. Daga ƙarshen watan Yuni dare ya kan soma ƙaruwa kaɗan kaɗan. Sa'ad da ya kai yadda irin dawar nan ke so, sai ganye ya yi wani ɗan furotin. Furotin ɗin ya bi ta ƙofofin nan, ya faɗa jijiyar da ke ɗaukar ruwan zaƙi, ya hau har can kan tsiro inda sabon ganye ke tohowa. Can ya tarar da wani furotin, su haɗu, su ba da umurni a bar yin ganye a soma yin kai. Daga nan dawa ta yi ciki.

Wani masani a Rasha, Mika'il Cailakiyan, ya ce lalle akwai irin wannan manzo, a 1936, ya sa masa suna fulorijin. An gwada an ɗauki ganyen tsiron da ya sami dogon dare aka manna a jikin wanda bai samu ba, sai ga shi ya yi fure. Duk da haka shekara 70 ana neman manzon ba a kama shi ba. Sai a 2007 masana a Jamus da Japan suka nuna furotin ne, suka bi sawunsa daga ganye har kan tsiro. Na Japan a jikin shinkafa suka gani.

Saboda haka mai makara ba zai ce dawarsa za ta rama kwanakin da ta rasa ba. Umurni zai zo a kan lokacinsa, ko ta yi ƙarfi ko ba ta yi ba. Rumbun da bai cika ba kuwa, mu ke ganin alamarsa da bazara, yara ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja.

Ƙofofin nan suna da aibu guda, ɓarawo ma ya san su. Cutar nan da ku ke kira kuturtar gyaɗa, 'yan ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke kawo ta. Ƙwayar cutar tana da nata furotin wanda ke buɗe ƙofa, sai ta bi ɗaki ɗaki har ta game tsiro, ganye ya nannaɗe, gyaɗa ta tsugune ba 'ya'ya. A 1975 ta cinye gyaɗa wajen hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. In ta shiga, ba allurar da za a yi wa tsiro. Sai dai a shuka da wuri, a shuka kusa da kusa, gama ƙwarin sun fi sauka inda gona ta yi sarari, a nemi kuma iri mai jure mata wanda ma'aikatan gona na Samaru suka fitar.

Akan tambaye ni ko mutum zai ɗauki kuturta daga irin wannan gona. A'a. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ƙwayar cutar gyaɗa ba ta iya zama a jikin mutum, wadda ta tsira daga gonar a ci ta ba tsoro. Gyaɗar da za ku zubar ita ce wadda ta yi fumfuna, gama dafinta yana taɓa hanta.