Waya Ta Shiga, Murya Ta Maƙale: Gargaɗi Ga Masu Wayar Intanet

A ofisoshi da otal-otal da asibitocin da suka koma amfani da wayar tebur mai aiki da intanet, akwai ƙorafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Waya ta yi ƙara, a ɗauka, wannan yana jin wancan sarai, wancan kuwa sai "alo, alo" yake ta yi. Wani lokaci hira ta kankama, da an cika daƙiƙa 32 sai layi ya yanke. Nan take a ce sabis ne ba kyau, alhali sau da yawa matsalar tana cikin rauta, wato akwatin nan da ke rarraba intanet a ofis.

Asalin abin ƙarancin adireshi ne. Tsarin IPv4 da aka fitar a 1981 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 kacal, kuma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta rabar da ragowar da ke hannunta. Tun a 1994 wasu injiniyoyi biyu, Kjeld Egevang da Paul Francis, suka wallafa dabarar da ake kira NAT domin a yi tsimi. Da ita, na'urori masu yawa ke fita duniya da adireshi ɗaya.

Abin kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya, da maigadi a bakin ƙofa. Kowane ɗaki yana da lambarsa ta cikin gida, irin su 192.168.1.20, wadda babu wanda ya san ta a waje. In ɗan haya ya aika wasiƙa, maigadi zai goge lambar ɗakin a bayan ambulan, ya sa ta gidan, ya rubuta a littafinsa domin ya san inda zai kai amsa. Saƙon da babu shi a littafi kuwa, a waje zai tsaya.

Nan ne wayar intanet ke tuntuɓe. Ƙa'idar SIP, wadda ta fito a 1999, ta raba kira gida biyu: saƙon da ke haɗa layi daban, muryar kanta daban, kowanne da ƙofar da yake bi. Wayar kan rubuta lambarta ta cikin gida a cikin saƙon haɗa layin, ba a bayan ambulan kaɗai ba, inda rauta ba ta gyarawa, sai ɗaya ɓangaren ya yi ta tura murya zuwa adireshin da ba ya kaiwa ko'ina. In kuma saƙon tabbatar da an ɗauki kira ne ya ɓace, tsarin yakan jira daƙiƙa 32 ya datse layin. Haka nan wayar da ta daɗe shiru, rauta kan share ta daga lissafi, masu kira su yi ta nema ba ta shiga.

Kamfanonin wayar salula da yawa ma suna haɗa ɗimbin masu amfani da layinsu a bayan adireshi ɗaya, don haka mai rautar da ke aiki da sim yakan kasance a bayan shinge biyu.

Haɗarin yana zuwa ne wajen gyara. Mai gyaran da ke sauri yakan buɗe ƙofa mai lamba 5060 ga kowa da kowa, ko ya fitar da na'urar kiran ofis fili ba kariya. Murya za ta dawo, amma ɓarayi na da manhajojin da ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa, suna gwada kalmomin sirri masu sauƙi. Da sun shiga, sai su yi ta buga lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a kuɗinsu, galibi da dare ko a ƙarshen mako.

A 2014 jaridar New York Times ta ba da labarin wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine a jihar Jojiya ta Amurka da aka yi wa kutse, aka tara masa bashin dala 166,000 a ƙarshen mako guda, da kiraye-kiraye zuwa Gambiya da Somaliya da Maldibs. Kafin nan, a 2010, wata kotun Amurka ta ɗaure Edwin Pena shekara 10 saboda satar mintuna sama da miliyan 10 na kiran intanet, waɗanda ya sayar da araha.

Akwai hanyoyin da ba sai an bar ƙofa a buɗe ba. Dabarar STUN ta 2003 tana sa waya ta tambayi wata sabar waje adireshin da duniya ke ganin ta da shi. In hakan bai yi ba, TURN kan karɓi muryar ta miƙa wa ɗaya ɓangaren, ICE kuma ta gwada hanyoyin ta zaɓi wadda ta ɓulle. Ana iya saita waya ta riƙa aika ɗan saƙo a kai a kai don kada rauta ta manta da ita. Rautoci da yawa suna da wani saiti mai suna SIP ALG da aka yi don taimako, amma yakan dagula saƙon, shi ya sa kamfanonin kiran intanet da dama ke cewa a kashe shi.

Mai ofis ya kamata ya tambayi mai gyara wace ƙofa ya buɗe, kuma ga wa. In buɗewar ta zama dole, a taƙaita ta ga adireshin kamfanin da ke ba da layin. A canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a rufe kiran ƙasashen waje in ba a buƙata, a kuma nemi kamfanin ya sa iyaka ga kuɗin da za a iya kashewa a rana.

Masu WhatsApp ma abin ya shafe su. Kiran mutum biyu kan iya haɗuwa kai tsaye, wanda ke nuna wa ɗaya adireshin intanet na ɗayan, daga nan a iya ƙiyasta yankin da yake. Tun a Nuwamban 2023 manhajar ta ƙara maɓallin ɓoye adireshi a sashen sirri. Wanda ya kunna shi, kiransa zai bi ta sabar kamfanin, ko da yake ingancin murya na iya ɗan raguwa.