Kafin a Damƙa Masa 'Ya'yan Mutane

Malamin makarantar da ya karɓi jagorancin 'yan sikawut a Ruwan Godiya ko Sabuwa, ba a ƙara masa ko sisi a albashi. Sa kai ya yi. Sai dai kyakkyawar niyya ba za ta koya masa tsayar da jinin yaron da adda ta sara ba, ko gane wanda ƙishirwa ke shirin kayarwa alhali yana cewa lafiya lau.

Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya lura da haka tun da wuri. A watan Satumba na 1919, shekara huɗu da shigowar ƙungiyar Najeriya, aka buɗe kwas na farko na manya a Gilwell Park, kusa da Landan. Dabarar ta burge ni: ana mayar da manyan yara. A kasa su rukuni-rukuni, su kafa tanti, su hura wuta, su bi umarnin ɗaya daga cikinsu. Magidancin da rabonsa da wanke tukunya tun yana ɗan kwana a makaranta, nan zai wanke. Wanda aka daka wa tsawa cikin ruwan sama yana fama da igiyar tanti, gobe zai sassauta murya ga ɗan shekara goma sha biyu. Kuma ba a rataya masa alamar Wood Badge, 'yan katako biyu kamar 'ya'yan carbi a igiyar fata, sai ya koma ya gwada abin da ya koya a kan yaransa. Ƙungiyar Man O' War ma tana da irin wannan horo a tsaunukan Shere da ke Jos.

To, amma manhajar Gilwell ba ta san dajinmu ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, wane uba ne zai yarda ɗansa ya kwana a jeji? Jagoran 'yan sikawut a yankin Faskari sai an koya masa wasu abubuwa daban: ya yi zango a harabar makaranta, a watse kafin la'asar, ya riƙe lambobin iyaye, ya ƙirga yara da fita da dawowa, ya ji ta bakin dagaci kafin a nufi ko da bakin rafi ne. A koya masa kuma soke fita, ko da yara sun yi fushi.

Kai kowa Jos ba zai yiwu ba. Mai horarwa ɗaya ya zo gari lokacin hutu, a tara malamai da 'yan agajin Izala da na Fityanu, waɗanda dama sun saba da fareti da taimakon gaggawa, ya fi araha.