Ƙamusun Tarihin Kalmomi na Ingilishi da Ilmin Tsohon Rubutun Hannu

Ƙamus na tarihi shi ne wanda ba ya tsayawa ga faɗin ma'anar kalma kaɗai, sai ya bi sawunta tun daga ranar da aka fara ganinta a rubuce, ya nuna yadda ma'anarta ta yi ta juyawa. Mafi girmansu a harshen Ingilishi shi ne ƙamusun Oksfod. A shekarar 1857 aka kawo shawararsa a wata ƙungiyar masana harshe ta birnin Landan, a 1879 James Murray ya karɓi ragamar aikin, kashi na farko ya fito a 1884, ba a kuwa gama ba sai 1928. Masu karatu na sa kai su ne suka riƙa tsinto jimloli daga littattafai, kowace jimla a 'yar takardarta, tare da sunan littafi da shekararsa. Da waɗannan takardu aka jera tarihin kowace kalma.

Ilmin tsohon rubutun hannu kuwa ya girmi wannan aiki da nisa. Jean Mabillon na Faransa ya aza harsashinsa a 1681. Mai wannan ilmi siffar baƙaƙe ya ke dubawa, da yadda magatakarda ya riƙe alƙalami, da irin gajarce kalmomin da ya saba yi, don ya gane zamanin da aka rubuta takarda da wurin da aka rubuta ta.

Hanyar su biyun ɗaya ce, watau a tara shaidu masu sanannen lokaci, a jera su, sa'an nan a auna wanda ba a san lokacinsa ba da su. Amma fa ba a ko'ina ƙarfinsu ya ke daidai ba. Littafin da aka buga da ɗab'i galibi yana ɗauke da shekararsa, sai dai ɗab'i bai shiga Ingila ba sai 1476, ta hannun William Caxton. Abin da ya gabaci wannan kuwa, sau da yawa mai ƙamus ba shi da madogara sai hukuncin mai nazarin rubutu.

Waƙar Beowulf ta isa misali. Kwafinta guda ɗaya tak ya rage, hannun magatakarda biyu, an kuwa ƙiyasta an rubuta shi wajen shekara ta 1000. Amma lokacin da aka tsara waƙar kanta, har yanzu masana ba su daidaita a kai ba. To, kalmar da ke cikinta, shekarar wa za a ba ta, ta mawaƙi ko ta magatakarda? Domin irin wannan ne ƙamusun Ingilishin tsakiyar zamani, wanda Jami'ar Mishigan ta Amurka ta gama a 2001, ya kan fara da shekarar kwafi, sa'an nan ya biyo da ta talifi.

Wata matsala kuma ita ce kuskuren karatu. A rubutun wancan zamani, baƙaƙen i, n, u da m 'yan sanduna ne tsaye masu kama da juna, har mai kwafi ya kan karanta abin da babu. Ta irin wannan tuntuɓe na kwafi da ɗab'i kalmomin da ba wanda ya taɓa furtawa suka shiga ƙamusoshi. Murray da kansa ya tona asirin abacot, wadda aka daɗe ana cewa sunan wata hular sarauta ce, alhali gurɓatacciyar bycoket ce.

Darasin ya shafi Hausa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tara kalmomi da yawan gaske, amma bai jera su bisa shekarun shaida ba. Duk wanda ya yi niyyar wannan aiki, waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 za su zama manyan shaidunsa, da yawansu kuwa kwafi ne na almajiran baya, marasa kwanan wata. Lalle sai an fara tantance hannun masu kwafi tukuna, kafin a ce ga shekarar da wata kalma ta fara bayyana.